Laka a Ruwan Fartanya

Ƴaƴana samarin Magarya da Dungas, da ku ƴan matan da aka yanka wa gamana bana, ina so mu ɗan zanta a kan wani abu da liman ba ya yi masa huɗuba, malamin lakkol kuma ba ya rubuta shi a allo. Taɓo nake nufi. Babban da ke cika hanya ya kafe motar kasuwa, wannan mun bar wa hukuma. Nawa shi ne ɗan ƙaramin nan da ke liƙe wa ruwan fartanya, ya bi tafin takalmi, ya cushe tsakanin tayar moto da marfinta, ya shige tsakanin kofaton sa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da kunne yake duba aikinmu. In muna duƙe a fadama, shi yana can gindin giginya yana tufkar igiya, ko kallonmu ba ya yi. Fartanya mai tsabta in ta shiga ƙasa tana da wata ƴar siririyar ƙara, tsan, tsan. Wadda ta sha laka kuwa sai ka ji dif, dif, kamar ana dukan buhun dusa. Da ya ji muryar wata ta sauya, sai ya kira sunan mai ita, ya ce, "Kankare." Daga nan bai ƙara komai ba. Mu kuwa a lokacin takura muke ɗaukar abin. Ga kunya ba ka kai ƙarshenta ba, ga wanka ya tsere maka, a ce ka tsaya neman ɗan icce? Sai da na girma, na fara biyan ƴan ƙwadago daga aljihuna, sannan na gane cewa mai tsayawa ya kankare shi ke riga kowa tashi.

Yawancinku ba ku da laifi in ba ku san wannan ba, domin a jigawa aka raine ku. Daga Sassumburum zuwa Malawa, ƙasarmu rairayi ce. Hauyar tsaye tana sulalewa a ƙarƙashinta kamar wuƙa a cikin kabewa, ka yini kana noma ka koma gida ƙarfenka yana ƙyalli. Amma Allah ya ratsa mana jigawar da kwarin Korama da rassansa, inda ruwa ke kusa, inda ake rake da rogo da dankali da albasa, wajejen Bande da Waca da Guci. Kuma mun yi yawa. Ƙidayar 2012, shekara guda bayan an cire Dungas daga Magarya an ba ta gundumarta, ta samu mutum fiye da 900,000 a gundumomin biyu, kuma tun daga lokacin nan haihuwa ba ta tsaya ba. Gonar da kakanku ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. Shi ya sa kuke gangarowa fadama, wasu da damina, wasu noman rani, kuma kuna gangarowa da hannun jigawa. Laka ba ta san wannan hannun ba.

Ku yi lissafin da kanku. A ce lakar da ta maƙale a fartanya rubu'in kilo ce kawai, abin da ko yaro ba zai kira nauyi ba. A ce daga hantsi zuwa azahar ka ɗaga ta sau 5,000. Ka ɗaga kilo 1,250 ke nan, fiye da manyan buhunan gero goma sha biyu, kuma ba wanda zai biya ka ladan dakonsu. Wannan ma nauyi kaɗai na ƙirga. Ban sa cewa bakin da laka ta rufe ya daina yanka ba, yana danna ciyawa ne yana turmuɗe ta, kwana uku ta sake ɗago kai.

Na ƙafa ya fi wannan mugunta. A 1969 wasu masu bincike biyu, Soule da Goldman, a wata cibiyar binciken sojan Amurka da ke garin Natick, sun auna ƙarfin da mutum ke kashewa in an ɗora masa kaya a ka, ko a hannu, ko a ƙafa. Kayan ka ne mafi sauƙi, kowane kilo yana cin ƙarfi kusan daidai da kilo na jikin mutum kansa. Iyayenmu mata da gammonsu ba su jira an auna ba. Amma kowane kilo da aka ɗaura a ƙafa yana cin ƙarfi ninki huɗu zuwa shida, saboda ƙafa ba ɗaukar kaya kawai take ba: a kowane taku sai ta cira shi, ta wurga shi gaba, ta tsayar da shi, ta sake cirawa. Wanda ya taɓa fitowa daga fadama a watan Agusta da tubalin laka ƙarƙashin kowane takalmi, ya ji cinyoyinsa suna zafi kafin ya kai bakin gari, ya san abin da alƙaluman nan ke faɗa.

Abin da ya tayar mini da zancen nan shi ne hirar da muka yi da wani ɗan ƙanena da ke karatu a Faransa, a gindin tsaunukan Alp. Ya ba ni labarin wasu mutane da ke fita da asuba lokacin sanyi, su ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, su manna wa ƙasan allunan wani ƙyalle mai gashi don kada su zame baya, su yi ta hawan tsauni a kan dusar ƙanƙara awa uku, awa huɗu. In sun kai ƙololuwa sai su ɓare ƙyallen su sulalo. Lafiyarsu lau, ba kora aka yi musu ba, ba kuma bisashe suka bi ba, nishaɗi ne. Ko a nan Afirka ana yi, a tsaunukan Atlas na Maroko, inda dutsen Tubkal ya kai mita 4,167. Na ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai ya ce babban abin da ke ɓata musu rai a hawan shi ne dusar da ke taruwa a saman allon. Allo ne da mutum ya biya kuɗi mai yawa don an rage masa nauyi, sai ga shi yana jan tulin ƙanƙara a kansa kyauta.

Na tambaye shi yadda take maƙalewa, tunda na ɗauka abu mai sanyi haka zubewa zai yi kamar gari. Ya ce busasshiyar dusa ta tsananin sanyi zubewa take. Matsalar tana zuwa ne in an samu ɗan ɗumi. Allo mai baƙin fenti yana shan rana, ya narkar da ƴar dusar farko da ta sauka a kansa. Da an shiga inuwa sai ruwan ya daskare, ya zama ɓawo mai kaushi, sauran dusa ta samu wurin kamawa. Haka ma in an fito da allo daga ɗaki ko mota da ɗuminsa aka aza shi a kan dusa nan take. Don haka masu wayo cikinsu suna ajiye shi waje ya huce tukuna, suna goge samansa da kaki tun daren jiya, wasu suna zaɓen mai farin fenti, kuma da sun ga ƴar farko ta kama sai su karkaɗe ta da sandar hannu kafin ta yi ƴaƴa. Allon da ya sha ƙarzuna kuwa ya fi kowanne kamawa.

Na yi dariya na ce masa, "Ai kakanka ya riga su." Danshi kaɗan, fuska mai kaushi, da ɓawon farko da aka ƙyale: ukun nan ne a tsaunin Alp, su ne kuma a fadamar Bande.

Mu fara da danshi, domin nan ne aka fi yin kuskure. Ƙwayar rairayi ido yana ganinta, babbarta takan kai milimita 2, kuma dunƙulalliya ce, ruwa yana ratsa tsakaninsu ya wuce. Ƙwayar laka ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma faffaɗa ce kamar ɓamɓaron kifi. Ku ɗauki faranti biyu na tangaran, ku jiƙa su, ku haɗa: za ku iya murza ɗaya a kan ɗaya, amma raba su sai da ƙarfi. Siririn ruwan da ke tsakaninsu shi ya riƙe su. Haka miliyoyin ƙwayoyin laka ke yi wa junansu, haka kuma suke yi wa ƙarfenka. In ƙasa ta bushe babu ruwan da zai riƙe, sai ta farfashe. In ta sha ta ƙoshi ta zama caɓi, ruwan ya yi kauri, sai ta zame. Tsakanin biyun nan ne take zama danƙo. Wani masanin ƙasa ɗan Suwidin, Albert Atterberg, ya shata iyakokin nan a 1911, kuma har yau injiniyoyin hanya da nasa ma'aunin suke aiki. Fadamar da ke da kanwa ta fi kowace: da lema ta fi danƙo, da rani ta fi tauri.

Kuna iya gwajin ba tare da wata na'ura ba. Ku tona kamar zurfin yatsa, ku ɗebo ƙasa, ku murza ta tsakanin tafukan hannu. In ta yarda ta miƙe ta zama zare mai kaurin tsinken ashana bai karye ba, ranar ba ta huɗa ba ce. In ta fara gutsuttsurewa kafin ta kai nan, ko kuma dunƙulen da kuka yi ya watse da kun sake shi daga tsayin ƙugu, to bismilla.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya rabi. Damina a nan gajera ce. Ruwa ya sauka a Yuni, Agusta ya cika tabkuna, kafin ka waiwaya Satumba ta ƙare. Wanda ba shi da shanu sai ranar da mai shanu ya ga dama, kuma in ka ce masa ƙasa ba ta tsane ba, zai wuce gonar wani, ba ka sake ganinsa sai mako ya zagayo. Ban ce ku zauna a zaure kuna jiran ƙasa ta yi yadda littafi ya ce ba. Abin da na ce shi ne, in an kwana ana ruwa, ku fara da jigawa, wadda ke tsanewa kafin hantsi, ku bar fadama ta kwana ɗaya ko biyu. Mafi yawanku kuna da duka biyun, ko ku ko gidanku. Tsara su ne ba a yi. Kuma ku sani cewa huɗar da aka yi a kan laka mai danƙo ba wahalar ranar kaɗai take jawowa ba. Garma tana shafe ƙasar kamar yaɓe, rana ta gasa ta, ta zama hoge da ko dundurusu sai ya yi da gaske. Ƙarƙashi kuma, inda kofato da gindin garma suka danne, ya zama daɓe. Saiwa ba ta huda shi, ruwa ba ya nitsewa. Na ga fegin albasa da aka yi wa haka shekara guda, aka yi shekara uku ana lallashinsa da taki kafin ya huce.

Taki kuwa, tunda na ambace shi, shi ne maganin da ya fi daɗewa. Ƙasar da ta sha kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye tana yin gari-gari, ba ta saurin kama ƙarfe, kuma tana ba ka kwanaki masu yawa da za ka iya aiki a cikinta. Ku dubi gindin gawo. Yankinmu da Matamaye da Mirya sun yi suna a duniya saboda gawon da iyayenku suka bari ya tsiro a gonaki tun daga shekarun 1980. Ganyen da yake zubarwa da damina da kashin dabbobin da ke kwana inuwarsa da rani su ke sa ƙasar wurin laushi. Abin da gawo ke yi wa jigawa kyauta, a fadama amalanke ne zai kai shi.

Sai ƙarfen kansa. Akwai wani maƙeri a Amurka mai suna John Deere, wanda ya bar jihar Vermont ya koma wani ƙauye, Grand Detour, a jihar Illinois. Manoman da suka je can da garmunansu na zubin ƙarfe sun tarar da baƙar ƙasa mai danƙo wadda ke liƙe wa garma, sai mutum ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya ya kankare da katako. A 1837 maƙerin nan ya samu karyayyen zarto na injin tsaga katako, ya yanka, ya lanƙwasa, ya goge shi har ya yi santsi. Ƙasa ta riƙa zamewa a kansa da kanta, tana ƙara goge shi tana wucewa. Koren tarakta mai hoton barewa da kuke gani yau, daga wannan ƴar maƙerar ya samo asali. Ina son labarin nan saboda mutumin bai ƙara wa shanu ƙarfi ba, bai sauya ƙasar ba. Fuskar ƙarfe kawai ya gyara.

Tsatsa ita ce kishiyar wannan. In kuka duba ruwan fartanyar da ta kwana da laka sau da yawa, za ku ga ƴan ramuka kamar zanen agana. Kowane rami hannu ne da laka ke kamawa. Kuma abin zagaye yake yi: laka ta riƙe danshi a jikin ƙarfe ta kawo tsatsa, tsatsa ta yi kaushi ta kawo laka. Fartanyar da aka jingine da yamma da taɓonta, gobe da safe ta fi jiya kamawa, jibi ta fi gobe. Kuma laka ta fi son ƴar'uwarta a kan ƙarfe; da ɓawon farko ya zauna, sauran ba sa neman izini. Wannan ne ya sa Baba ba ya jira ta taru. Yanzu na gane ba nauyin da ke kai a lokacin yake ji ba, wanda ke tafe yake ji.

Saboda haka in za ku saya, kada ku tsaya ga ƙwanƙwasa ƙarfe ku ji amonsa. Ku shafa tafin hannu a fuskarsa. Sawun masaɓa mai zurfi, ƙullutun walda, kan ƙusar da ya fito a fuskar garma, duk nan ne laka za ta fara sauka. Ku ce wa maƙeri ya bi da magagari. In ya ce ƙarin dala kaza ne, ku biya. Maƙeranmu sun iya, yawanci ba a tambayarsu ne. Sabuwar garma mai fenti kuwa, kada ku kai ta fadama ranar farko don a ga sabuwa ce. Fenti yana riƙe ƙasa. Ku fara ja da ita a jigawa har rairayi ya cinye fentin ya fito da hasken ƙarfen. A wannan Allah ya yi mana gata: abin gogewar da wasu ke saye a kanti, mu a kansa muke tafiya. Ko da yamma in an tashi, sara goma a busasshen rairayi ya isa ya wanke ruwan fartanya.

Bayan gogewa sai maiƙo, kuma ɗan kaɗan ake so, abin da tsumma zai shafa ya bar ƙyalli. Man gyaɗar da ya gaji da suya a wurin mai ƙosai ya isa, haka kitse, haka man kaɗe, haka kakin zuma in an samu. Wasu suna cika tsohon bokiti da rairayi, su zuba masa ɗan mai, su ajiye a zaure. Duk wanda ya dawo daga gona ya soka ƙarfensa ciki sau uku ya zare, an goge an shafe lokaci guda. Kada dai ku lafta, in ba haka ba kiyashi da ɓeraye za su taya ku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne baƙin mai na juyen inji. Na san shi ya fi araha, bakanike ma kyauta zai ba ku, kuma yana hana tsatsa, ba musu. Amma yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, kuma saran farko zai bar shi a fegin da za ku shuka salatin da ƙannenku za su ci, a wurin da ruwan rijiya bai fi ƴan kamu ba. A bar shi ga gindin dirkar rumbu saboda gara.

Kada kuma ku zata maiƙon zai yini. Ƙasa za ta share shi cikin ɗan lokaci. Aikinsa na dare ne, ya tsare ƙarfe daga tsatsa har gari ya waye. Da rana santsin ƙarfen ne ke aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai dabara ta biyu wadda ƴan mata suka fi samari sani. Me ya sa mai kwasar tuwo ke tsoma mara a ruwa kafin kowace malmala? Me ya sa mai buga bulo ke jiƙa akwatinsa? Na ce muku danshi kaɗan kamawa yake, ruwa mai yawa zamewa. In aikin ya zama dole a cikin laka, kamar yasar rijiya, ko haƙar magudana, ko ɗibar ƙasar gini, ku ajiye bokitin ruwa kusa, ku riƙa tsoma shebur. Mai garma kuma ya ɗaura ɗan faffaɗan icce a hannun garmarsa da igiya, ya kankare a ƙarshen kowace kunya lokacin da shanu ke juyawa, tunda dama tsayawa ake. Icce na ce. Wuƙa da dutse suna ƙarzar fuskar da kuka sha wahalar gogewa. Kuma ku daina buga fartanya a kan kututture don ta zubar. Rabin lakar ke faɗuwa, ƙota kuma ta saki.

Wani abin mamaki, don masu son sani. Kun taɓa lura da ganyen gwaza in an yi ruwa? Ɗigon yana dunƙulewa ya gangara, ya tafi da ƙurar da ke kai, ganyen ya zauna a bushe. Wani masanin tsirrai na Jamus, Wilhelm Barthlott, ya bayyana sirrin irin wannan ganye a 1997: fuskarsa cike take da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, an lulluɓe su da kaki, ruwa ba ya samun wurin zama. A Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin kuma an yi shekaru ana nazarin buzuzu, wanda ke yini cikin kashi da laka ya fito tsaf, har aka ƙera fuskar garma mai kwaikwayon jikinsa. Mu ba mu kai nan ba, santsi ne abin da hannunmu ke iya yi. Amma akwai ƙasashen da ake sa wa garma fuskar roba saboda ƙasa mai danƙo, kuma ban ga abin da zai hana wani yaro mai walda a Magarya ya yanka tsohuwar jarka ya shimfiɗa a cikin baro ko gadon amalanken ɗibar laka ya gani ba.

Shanu ba sa iya kankare wa kansu. Laka tana shiga tsagar kofato, ta jiƙa fatar wurin ta yi laushi, in ta bushe ta zama kamar tsakuwa ta tsaga ta, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Sai ka ga sa yana ɗingishi, wurin ya kumbura, yana wari. San huɗa da ya gurgunce a Yuli ya tafi da daminar gidan, kuma in ka kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dillali daga nesa zai hango tafiyarsa ya yanke kuɗin. In an kwance su da yamma, a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a zare abin da ke tsagar da ɗan icce mara tsini, a wanke, a ɗaure su a tudu inda fitsari ba ya kwanciya. In wari ya fara, wannan ya wuce toka da kanwa, a nemi malamin dabbobi.

Ku kuma ƴan kabu-kabu, ni kaina na sha ƙasa, don haka ba labari nake ba ku ba. Wata shekara na ɗauko buhun albasa daga fadama bayan ruwa, ina jin moto tana nauyi ina ƙara mata wuta, na ɗauka buhun ne. Ashe laka ce ke cushewa tsakanin tayar gaba da marfinta. Ba wata sanarwa, tayar ta tsaya cik, ni da albasa muka wuce. Na yi wata guda ina sallah a zaune. In kun ji kan moto ya yi nauyi a hanyar laka, ku sauka ku duba. Tsinke ɗaya ya isa. Ku kuma duba haƙarƙarin inji, waɗannan siraran ƙarafan da ke jere a jikinsa. Iska ce ke sanyaya injin ta wurinsu, in laka ta toshe su ta bushe, kamar ka lulluɓa wa mai zazzaɓi bargo ne. Sarƙa ma laka da mai in sun haɗu niƙa ta suke. A wanke, amma ba a cikin tabkin da dabbobi ke sha ba.

Saura maganar aro, wadda ita ce ta fi ɓata zumunci. Kayan noma a ƙauyenmu yawo suke, kuma haka ya kamata. Amma wanda ya ari garma mai ƙyalli ya maido ta bayan kwana biyu da busasshen taɓo a fuska, ya cuci mai ita fiye da yadda yake zato, domin tsatsar da ta fara a ƙarƙashi sai an yi yini a jigawa kafin ta fita. Dattijo ba zai ce maka komai ba. Zai karɓa ya ce madalla. Baɗi in ka aiko, sai a ce maka wani ya riga ka.

In an gama girbi a Oktoba, waɗanda ba za su shiga noman rani ba su wanke kayansu, su shanya su bushe sarai, su shafa musu mai fiye da na kullum, su rataye su a zaure ko ƙarƙashin rumbu yadda ba abin da ya taɓa ƙasa, saboda gara tana son ƙota. Hunturu zai busar da iccen ya tsuke, ruwan fartanya ya riƙa girgiɗi a raminsa. Kada ku cire ku sake sabuwa. Da kun ga hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, ku tsoma kan ƙotar a ruwa ya kwana, da safe za ku tarar ta kumbura ta kama.